Ina Maƙwabcinmu Ya Tafi? Abin da Addinai ke Koyarwa Kan Makomar Wanda Bai Bi Su Ba



A ranar 13 ga Afrilu 1827 wani Bature mai yawon binciken ƙasa, Kyaftin Hugh Clapperton, wanda mutanen gari suka sani da suna Abdullahi, ya rasu a nan Sakkwato bayan doguwar jinya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da izini, aka ɗora gawar a kan raƙumi, aka kai ta wani ƙauye mai nisan kamar mil biyar daga birni. Baransa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 23, shi kaɗai ne Bature a wurin. Shi ya buɗe littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila ya karanta addu'ar jana'iza, mutanen da suka haƙa kabarin suna can gefe. A wurinsu, Banasare ne ya mutu. A wurin Lander kuwa, su ne mutanen da ba su san Almasihu ba. Kowane ɓangare yana da abin da aka koya masa game da makomar ɗayan.

Kusan shekara 200 ke nan, amma tambayar tana nan tare da mu. A majami'unmu na Sakkwato, da ECWA, da Katolika, da Angilikan, da Baftis, da sauransu, da wuya a sami wanda ba shi da ɗan'uwa, ko suruki, ko maƙwabci, ko abokin aiki Musulmi. Waɗansunmu kuma iyayensu da kakanninsu sun mutu cikin addinin gargajiya. Mun taɓa zama a wani taron zumuntar mata inda wata uwa ta miƙe tana hawaye ta ce, "Baba Fasto, mahaifina ya rasu bai karɓi Yesu ba, amma tun da nake ban taɓa ganin ya cuci kowa ba. Ina yake yanzu?" Ɗakin ya yi tsit. Domin ita da irinta muka ga ya kamata mu duba abin da addinai suke koyarwa a kan wannan batu, kowanne kamar yadda malamansa suke faɗa, ba yadda ake yaɗawa a bakin kasuwa ba.

Abin da maƙwabtanmu Musulmi suka gaskata

Tun da a Birnin Shehu muke, bari mu fara da Musulunci. Yawancin kalmomin da mu kanmu muke amfani da su, watau lahira, aljanna, ƙiyama, jahannama, daga Larabci suka shigo Hausa, Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932 kuwa ya same su a bakin jama'a. Saboda haka sau da yawa mu da maƙwabtanmu kalma ɗaya muke furtawa, amma abin da kowa yake nufi dabam ne.

Musulmi sun gaskata cewa da zarar an binne mutum, mala'iku biyu, Munkar da Nakir, za su zo masa cikin kabari su tambaye shi wane ne Ubangijinsa, mene ne addininsa, wane ne annabinsa. Daga nan sai zaman barzahu, cikin ni'ima ko cikin azaba, har ranar tashin ƙiyama. A ranar za a yi hisabi, a auna ayyuka a kan mizani, a bi ta kan siraɗi, sa'an nan waɗansu su shiga aljanna, waɗansu wuta. Wannan koyarwa ta shiga jinin Ƙasar Hausa ta hanyar waƙoƙin wa'azi. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara irin waɗannan waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, jajis ɗinta kuma suka riƙa kai su ƙauyuka suna koya wa mata.

Game da wanda ba Musulmi ba, ra'ayin akasarin malamai shi ne, wanda kiran Musulunci ya iske shi a fili, ya ƙi, har ya mutu a haka, makomarsa wuta ce ta har abada. Suna kafa hujja da Suratu Ali Imrana aya 85, inda aka nuna ba za a karɓi wani addini ban da Musulunci ba, da Suratun Nisa'i aya 48, inda aka nuna Allah ba ya gafarta shirka. Suratul Ma'ida aya 72 da 73 kuwa ta shafe mu kai tsaye, gama ta tsawata wa masu ɗaukar Almasihu a matsayin Allah. Kada mu ruɗi kanmu, abin da yake tushen bangaskiyarmu shi ne abin da Musulunci ya ɗauka babban kuskure.

Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Suratul Baƙara aya 62 ta yi alkawarin lada ga Yahudu da Nasara waɗanda suka ba da gaskiya ga Allah da ranar lahira suka kuma aikata nagarta, ko da yake yawancin masu tafsiri sun ce wannan ya shafi waɗanda suka rayu kafin zuwan Annabi Muhammadu ne. Suratul Isra'i aya 15 kuma ta nuna Allah ba ya azabtar da mutane sai ya aiko musu manzo. A kan wannan aya malamai suka gina maganar mutanen da saƙo bai kai gare su ba, har waɗansu suka ce za a yi musu tasu jarrabawa a ranar ƙiyama. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, malamin da ake karanta littattafansa a zaurukan Sakkwato, ya kai ga cewa rahamar Allah za ta haɗa da Kiristocin nesa waɗanda ba su ji labarin Annabi ba, har da waɗanda suka ji labarin a gurɓace tun suna yara. Bugu da ƙari, malamai da yawa suna gargaɗi cewa kada a nuna wani mutum da yatsa a ce lalle ɗan wuta ne, domin Allah kaɗai ya san yadda ƙarshensa ya kasance.

Muhawarar da aka yi a garin nan

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, tambayar "wane ne kafiri?" ta sha muhawara a tsakanin shugabannin jihadin 1804 su kansu. Shehu Usman ya saɓa wa malaminsa da yake girmamawa ƙwarai, Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya kafirta masu aikata manyan zunubai. Shehu ya ce mai zunubi mai zunubi ne, amma bai fita daga addini ba. Ya kuma yi rubuce-rubuce yana tsawata wa almajiran da suke kafirta talakawa don kawai ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na masana ba. Har ila yau Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno sun yi musayar wasiƙu masu zafi a kan ko ya halatta a kira mutanen Barno kafirai.

Bello ɗin nan mutum ne mai son sanin abin da waɗansu suka gaskata. Sa'ad da Clapperton ya fara zuwa a 1824, Sarkin Musulmi ya tambaye shi ɗarikar Kirista da yake bi, har ya ambaci sunayen tsofaffin ɗarikun da Baturen kansa bai san su sosai ba. Da Clapperton ya dawo a 1826 ya kawo masa littattafan Larabci, cikinsu har da Linjila da Zabura. Ashe tambayar juna game da addini cikin natsuwa tsohon abu ne a Sakkwato.

Abin da mu Kirista muke koyarwa

Mu ma, gaskiya ɗaya ce, koyarwarmu tana da nauyi ga kunnen wanda ba Kirista ba. Bisharar Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12 sun nuna cewa ta wurin Yesu kaɗai ake zuwa wurin Uba, ba kuwa wani suna da aka bayar domin ceto. Ibraniyawa 9:27 ta ce mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a. Misalin mai arziki da Li'azaru cikin Luka 16, da rabewar tumaki da awaki cikin Matiyu 25, da Wahayin Yahaya 20, duka suna maganar rabuwa ta ƙarshe. Duk ikilisiyoyinmu sun yarda cewa wanda ya tsira, ta dalilin mutuwar Almasihu da tashinsa ne ya tsira. Inda aka rabu shi ne a kan wanda bai taɓa jin bishara ba, ko ya ji ta a karkace.

Abin sha'awa, 'yan Afirka suna cikin waɗanda suka fara wannan muhawara. Sifiriyan, Bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda aka kashe saboda bangaskiya a shekara ta 258, shi ya koyar cewa ba ceto a waje da ikilisiya. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya ƙara ƙarfafa wannan. Orijen na Iskandariya a Masar kuwa ya sa zuciya cewa a ƙarshe Allah zai komo da dukan halitta gare shi, amma daga baya ikilisiya ta ƙi wannan ra'ayi.

A zamanin nan, Ikilisiyar Katolika ta bayyana matsayinta a Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965. A takardar da taron ya fitar a kan ikilisiya a 1964, shekarar da Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis ta Katolika, an koyar cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi lamirinsa da taimakon alherin Allah, yana iya samun ceto. Takardar ta ambaci Musulmi da suna, a matsayin masu sujada ga Allah ɗaya mai jinƙai. Wannan ceto dai, a koyarwar Katolika, na Almasihu ne, ko da mutumin bai san sunansa ba.

Ikilisiyoyin bishara irin su ECWA, wadda ta fito daga aikin mishan na SIM, waɗanda a dā suka gudanar da asibitin kutare na Amanawa, sun fi tsayawa a kan cewa dole mutum ya ji, ya tuba, ya ba da gaskiya tun yana da rai. Babban mai kāre wannan matsayi a Afirka ɗan Arewa ne, Dokta Byang Kato daga yankin Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967. Ya yi jawabi a taron masu bishara na duniya a Lozan ta ƙasar Suwizalan a 1974, ya kuma wallafa littafi a 1975, shekarar da ya rasu, yana gargaɗi a kan koyarwar cewa kowa da kowa zai tsira ko da wane addini ya bi. Shi kansa daga gidan masu addinin gargajiya ya fito, don haka ba daga nesa yake maganar ba.

Akwai kuma ra'ayi na uku game da azabar kanta. 'Yan Adventist suna koyar cewa mugaye za su hallaka ƙurmus su shuɗe, ba za su dawwama suna shan azaba ba. Ko sanannen malamin Angilikan na Ingila, John Stott, ya nuna karkata ga wannan a 1988, abin da ya jawo masa suka daga abokan aikinsa.

Duk da wannan bambanci, akwai ayoyin da kowane ɓangare yake karantawa. Romawa 2:12-16 ta ce za a yi wa al'ummai shari'a bisa ga abin da aka rubuta a zukatansu, lamirinsu yana shaida. Luka 12:47-48 ta bambanta hukuncin bawan da ya san nufin ubangidansa da na wanda bai sani ba. A Farawa 18:25 Ibrahim ya dogara ga cewa Alƙalin dukan duniya ba zai yi rashin adalci ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu kuwa, da an tambayi danginsa a ranar, da sun ce ya hallaka, alhali an riga an yi masa alkawarin Firdausi. Matiyu 7:21-23 kuma ta juyo da gargaɗin kanmu: ba duk mai kiran sunan Ubangiji ne zai shiga mulkin sama ba.

Yahudawa, Hindu da Buda

Addinin Yahudu, wanda daga cikinsa Tsohon Alkawari ya zo mana, bai ce sai mutum ya zama Bayahude zai tsira ba. Malamansu sun koyar cewa adalai na dukan al'ummai suna da rabo a duniya mai zuwa, muddin sun kiyaye dokoki bakwai da ake dangantawa ga Nuhu, kamar barin bautar gumaka, da kisankai, da sata, da zina, da kuma kafa shari'ar gaskiya. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tabbatar da haka. A wurin yawancin malamansu, zaman Gehinnom na akasarin masu laifi ba ya wuce wata 12. Wannan suna asalinsa wani kwari ne a gefen Urushalima, Kwarin Hinnom, daga gare shi kuma kalmar jahannama ta samo tushe.

Waɗanda suka yi makaranta a hannun malamai 'yan Indiya a shekarun 1970 da 1980, ko masu kallon finafinan Indiya, sun sha jin maganar mutum ya mutu a sake haifarsa. Addinin Hindu da na Buda ba su raba mutane gida biyu, masu bi da marasa bi, kamar yadda mu da Musulmi muke yi. A wurinsu abin da mutum ya aikata, wanda suke kira karma, shi yake yanke irin haihuwar da zai sake samu, ko wane addini yake bi. Suna da wuraren azaba da na daɗi, amma na ɗan lokaci ne. Burinsu shi ne mutum ya kuɓuta daga wannan zagaye na haihuwa da mutuwa ɗungum.

Addinin kakanninmu

Addinin gargajiya ma bai auna mutum da abin da ya gaskata ba. Maguzawa sun san akwai Allah Mahalicci, amma hulɗarsu ta yau da kullum da iskoki take, kuma damuwarsu ita ce ruwan sama, da lafiya, da haihuwa. Ba su neman wani ya shiga addininsu, balle su yi masa barazana da wuta. Dakarkari na ƙasar Zuru, wadda take cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, an san su da ƙawata kaburburan manyansu da tukwane da siffofin yumɓu, alamar cewa mamaci bai fita daga cikin dangi ba. 'Yan'uwanmu Yarabawa suna raɗa wa yaro Babatunde, watau uba ya dawo, ko yarinya Yetunde, uwa ta dawo, Ibo ma suna da irin wannan imani. A waɗannan al'adu, abin tsoro shi ne mutum ya yi mugunta, ko ya mutu ba a binne shi yadda ya kamata ba.

To, me za mu yi?

Da farko, mu san cewa mu da Musulmi mun yi kama a wani abu: kowannenmu ya gaskata hanyarsa ce ta gaskiya, kuma kowannenmu yana da koyarwar cewa hukuncin mutum ɗaya ɗaya yana hannun Allah. Wanda ya ƙwace wannan hukunci ya riƙe a hannunsa, ɓarna yake haifarwa. Garin nan ya gani a watan Mayu 2022, sa'ad da gungun matasa suka kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin saɓo. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta yi Allah wadai da kisan, haka ma Bishop Matthew Hassan Kukah.

Na biyu, kada mu ji haushi in maƙwabci Musulmi ya zo mana ta'aziyya ya ce "Allah ya ba da haƙuri" bai ce "Allah ya jiƙansa" ba. Malamansa sun koya masa, bisa ga Suratut Tauba aya 113, kada ya nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara. Zuwan da ya yi shi ne zumuncin. A hadisansu ma an ruwaito cewa Annabi Muhammadu ya miƙe tsaye sa'ad da aka wuce da gawar wani Bayahude, da aka yi masa magana ya nuna ai shi ma rai ne. Mu kanmu ba mu zama ɗaya a kan addu'a ga matattu ba, gama Katolika suna yi, ECWA da Baftis ba sa yi.

Na uku, in rasuwa ta faru a gidan maƙwabcinmu, mu je. Mu zauna a tabarma, mu ce sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Matanmu su kai abinci. Romawa 12:15 ta umarce mu mu yi kuka tare da masu kuka, ba ta ce sai mun tambayi addininsu ba. Zaman makoki ba wurin gardamar addini ba ne, iyaye kuma su kwaɓi yaran da suke ce wa abokan wasansu 'yan wuta.

Na huɗu, idan mun gaskata Yesu shi ne hanya, lokacin faɗa shi ne yanzu da mutum yake da rai, da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta koya mana, halinmu kuma ya riga bakinmu yin shaida. Wanda bai taɓa gaishe da maƙwabcinsa a kan gadon asibiti ba, ba shi da bakin yanke masa hukunci a bakin kabari.

Ita kuwa uwar nan ta zumuntar mata, amsar da faston ya ba ta mun ga ta dace. Bai ce mata mahaifinta yana sama ba, bai kuma ce yana wuta ba. Ya ce, "Mama, ni ba a ba ni littafin rai in duba ba. Abin da na sani shi ne, Allahn da ya ba da Ɗansa ya fi ki ƙaunar mahaifinki, ya san abin da ya ji da abin da bai ji ba, kuma ba zai zalunce shi ba. Ki bar shi a hannunsa. Amma kina da ƙanne da suke da rai, ki riƙe su da kyau, ki yi ta yi musu addu'a." Ta share hawayenta ta zauna, aka ci gaba da taro.

Mutuwa rigar kowa ce. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu gama da duniya cikin bangaskiya. Amin.